Yadda Ake Tsara 'Yar Tsanar Dabba da Kwarashi, Daga Zane Zuwa Rubutaccen Tsari

Mata da yawa cikin al'ummarmu ta Hausawa a Makka da Jidda da Madina sun iya riƙe kwarashi, kuma a 'yan shekarun nan saƙar ƙananan dabbobi da ake cusa wa auduga, wadda duniya ta sani da sunanta na Japananci, amigurumi, ta shigo gidajenmu ta YouTube da Instagram. Sai dai mafi yawanmu tsarin wasu muke bi: a kalli bidiyo, a ƙirga abin da mai bidiyon ta ƙirga, a fito da zomo irin nata. Wannan bayani na wadda take son ta wuce nan ne, ta zauna ta tsara dabbarta da kanta, ta yi ta gyara har ta yi kyau, sannan ta rubuta tsarin yadda wata za ta bi ta sami abu iri ɗaya. Zan yi misali da raƙumi mai tozo ɗaya, domin shi ne dabbar ƙasar nan, har Ma'aikatar Al'adu ta Saudiyya ta kira 2024 Shekarar Raƙumi, kuma domin jikinsa ya tattara kusan duk abin da ke ba mai tsari wuya: dogon wuya mai lanƙwasa, siraran ƙafafu, da nauyin da ke rinjaya gaba.

Kafin ki taɓa zare, ki yanke shawara kan fuska. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz cewa sukan yi wa yaransu abin wasa na ulu domin su ɗauke musu hankali daga abinci a ranar azumin Ashura, kuma Abu Dawud ya ruwaito labarin dokin wasan Nana A'isha mai fukafukai biyu. Malamai sun kafa hujja da waɗannan wajen halatta 'yar tsana ga yara, amma sun saɓa kan wadda aka fito da kamanninta dalla-dalla, shi ya sa wasu masu saƙa suke barin fuska ba ido ba baki. Ki tambayi malamin da kika natsu da shi, ki tsaya a kan matsaya guda tun yanzu, domin tun ran gini ran zane: idan babu fuska, to siffar jiki ce kaɗai za ta gaya wa mai kallo wace dabba ce, kuma hakan zai ƙara wa wuya da tozo muhimmanci a lissafinki.

Mataki na gaba zane ne, kuma ba sai kin iya zane ba. Ki nemi hotunan dabbar ta gefe da ta gaba, ki ɗauki takarda mai gida-gida irin ta lissafin 'yan makaranta, ki zana dabbar a ainihin girman da kike son ta fito. Daga nan ki tambayi kanki abubuwa uku ko huɗu da idan aka cire su dabbar ta daina zama ita. A raƙumi su ne tozo, da wuyan da ke fita daga ƙirji ya yi ƙasa kaɗan kafin ya tashi sama, da faffaɗan tafin ƙafa, da leɓen da ya ɗan zubo. Sauran abubuwa, irin su gashin ido da kantar ƙirji, ado ne da za a iya bari. Sai ki bi zanen ki raba shi zuwa siffofi masu sauƙi: gangar jiki siffar ƙwai ce, wuya da ƙafafu bututu ne, tozo tulluwa ce mai ɗan tsini, kai kuma ƙaramin ƙwai ne kwance. Ki rubuta tsawo da faɗin kowanne da santimita a gefensa. Idan na yaro ƙarami ne, ki ƙara girman kai, ki gajarta ƙafafu ki kauraro su, domin hakan yana ƙara masa kyan gani kuma yana sa ya tsaya da kyau.

Game da kayan aiki, shagunan kayan ɗinki na Balad a Jidda da makamantansu a Makka suna da abin da ake bukata, kuma idan kika ce sinnara da hait kroshe za a gane ki. Ga aikin gwaji ina fifita zaren auduga mai matsakaicin kauri kuma mai haske, ruwan ƙasa ko ruwan madara, domin a cikinsa ne ido ke iya rarrabe ƙulli da ƙulli. Ko da raƙumin da ke ranki irin majahim ne, baƙaƙen nan na Najdu, ki bar baƙin zare sai tsarin ya kammala. Haka nan ki guji zare mai gashi-gashi mai taushi a wannan matakin, domin yana ɓoye kuskure kuma yana tsinkewa idan aka yawaita warwara. Zaren roba da muke kira ulu ya fi araha da laushi, amma yana miƙewa, sai audugar ciki ta leƙo. Kwarashin kuwa ya zama ƙarami fiye da wanda aka rubuta a takardar zaren da kamar milimita 1 zuwa 1.5: idan an rubuta 4, ki ɗauki 2.5 ko 3, saboda saƙar ta tsuke ba kafa. Ki tanadi audugar matashi ta roba, da basilla marar tsini, da fil masu yawa, da tef ɗin awo, da ƙaramin sikelin kicin, da littafi guda da ba za ki rubuta komai a ciki ba sai wannan aikin.

Yanzu sai lissafi, kuma a nan ne tsari yake tsayawa ko ya rushe. Kusan duk aikin da gajeren ƙulli ake yin sa, wanda masu koyo da Larabci suka sani da hashwu, ana zagayawa ba tare da rufe zagaye ba. Tsawon wannan ƙulli da faɗinsa sun yi kusan daidai, kuma kewayen da'ira yana ƙaruwa da ninki 6.28 na duk abin da aka ƙara daga tsakiya zuwa baki. Wannan ne dalilin da ya sa idan kika fara da ƙulli 6 a cikin zoben zarge, wato zoben zaren da ake jan wutsiyarsa ya tsuke, kika riƙa ƙara 6 a kowane zagaye, wato 6, 12, 18, 24, 30, 36, saƙar za ta kwanta shimfiɗe kamar faifai. Idan kika ƙara ƙasa da 6, misali 3, za ta tashi ta yi tsini. Idan ba ki ƙara komai ba, za ta miƙe ta zama bututu. Idan kika wuce 6 sosai, bakinta zai tattare ya yi lanƙwashe-lanƙwashe, abin da ke da amfani wajen gezar zaki amma ba shi da amfani a jikin raƙumi. Wadda ta riƙe waɗannan huɗu za ta iya fitar da kowace siffa da ke cikin zanenta.

Domin ki mayar da santimita zuwa adadin ƙulli, sai kin san awon hannunki. Ki saƙa ɗan bututu na gwaji da zaren da kwarashin da za ki yi aiki da su, ki cusa masa auduga yadda za ki cusa wa dabbar, sannan ki auna. Awon da aka ɗauka a saƙa shimfiɗaɗɗiya wadda ba a cusa ba yaudara ne, domin auduga tana buɗa saƙa. A ce kin sami ƙulli 25 a santimita 10, wato 2.5 a kowace santimita, kuma zagaye ma haka. A ce kuma gangar jikin raƙuminki kaurinta santimita 6 ne, tsawonta 10. Ki ninka 6 da 3.14, za ki sami kewaye na kusan santimita 19, ki ninka wannan da 2.5, ya ba ki 47. Sai ki ɗaga shi zuwa 48, domin 48 yana rabuwa da 6. Ke nan zagaye 8 na farko na ƙari ne, daga 6 zuwa 48. Da ƙwallo kike so, da sai ki yi zagaye 8 babu ƙari babu ragi sannan ki fara ragewa, domin jimillar zagayen ƙwallo kusan rabin adadin ƙullin tsakiyarsa ne. Amma tunda tsawon jikin ya zarce kaurinsa da santimita 4, sai ki ƙara zagaye 10, su zama 18 a miƙe, daga na 9 zuwa na 26. Daga na 27 zuwa na 33 sai ragi: 42, 36, 30, 24, 18, 12, 6. Ki fara cusa auduga tun kina kan 24, kafin bakin ya tsuke.

Wannan zai ba ki ƙwai mai kai biyu daidai, alhali raƙumi ƙirjinsa ya fi kwankwasonsa zurfi, cikinsa kuma yana ɗagewa ta baya. Gyaran shi ne ki fara ragi da wuri, tun wajen zagaye na 20, ki riƙa rage 3 kawai a zagaye ɗaya ki tsallake ɗaya, kuma ki tara ragin duka a ɓangaren da zai zama ciki, ki bar gadon baya a miƙe. Inda aka ajiye ƙari ko ragi yana da tasiri daidai da yawansu, kuma wannan shi ne babban abin da ya bambanta mai tsari da mai bin tsari.

Akwai ƙananan dabaru biyu da ya kamata su shiga tun samfurin farko. Na ɗaya, idan ƙari, wato saƙa ƙulli biyu cikin ƙulli ɗaya, ya riƙa hawa kan ƙarin zagayen baya, da'irar za ta fito da kusurwa shida da layuka a bayyane. Maganinsa shi ne ki riƙa gusar da wurin: a zagayen da ya kamata ki yi ƙulli 4 sannan ƙari, ki fara da 2, ki yi ƙari, ki ci gaba da 4 da ƙari sau 5, ki rufe da 2. Na biyu, wajen ragi ki sa kwarashi cikin silin gaba kawai na ƙulli biyu a jere (kowane ƙulli yana da sili biyu a samansa, na gaba da na baya), ki ɗauko zare ki haɗe su. Ragin da aka yi haka ba ya barin kafa ko ƙullutu.

Wuya ne zai ci miki lokaci, kuma ya cancanci hakan. Bututu mai ƙulli 18 zai ba ki kauri na santimita 2 da ɗan wani abu bisa awon da muka ɗauka. Idan kika yi ƙari 2 a gefe guda da ragi 2 a gefen da ke fuskantarsa, adadin zai tsaya a 18, bututun kuma zai karkata zuwa gefen ƙarin. Wannan ya isa ga karkata kaɗan. Amma lanƙwasa ta sosai tana fitowa ne daga bambancin tsawo, wato gefe ɗaya ya fi ɗaya saurin tashi. Ki raba zagayen haka: ƙulli 6 na zamewa, wanda ake kira munzaliƙa kuma kusan ba shi da tsawo, sai gajeren ƙulli 3, sai 6 na nusf amud wanda ya ɗara gajeren ƙulli tsawo, sai gajeren ƙulli 3. Ki maimaita zagaye 4 ko 5, bututun zai lanƙwashe zuwa gefen gajerun. A raƙumi gefen gajerun shi ne saman wuya, gefen dogayen kuma shi ne maƙogwaro. Ki saki hannu wajen ƙullin zamewa, in ba haka ba kwarashi ba zai shiga cikinsu a zagaye na gaba ba. Ki kuma lura cewa saƙar da ake yi ana zagayawa tana gocewa gefe guda a hankali, don haka bayan kowane zagaye uku ko huɗu ki ɗaga aikin ki duba, idan layin gajerun ya kauce daga tsakiya ki gusar da shi da ƙulli ɗaya, kuma ki rubuta cewa kin gusar.

Tozo ba shi da wahala: 6, 12, 18, sannan 21, 24, 27, 30, a bar bakinsa a buɗe a ɗinka a baya. Ƙafa kuma ta ƙasa ake fara ta, da da'ira shimfiɗaɗɗiya zuwa 18, sai zagaye ɗaya a silin baya kawai domin gefen tafin ya karye ya tashi tsaye, sai ragi zuwa 12, sai zuwa 10, a miƙe da bututu har tsawon da ke zane. Kai ana fara shi daga hanci, a faɗaɗa a hankali zuwa ƙeya, kuma idan kina son leɓe ya zubo, ki tara ƙarin zagaye na biyu da na uku a ƙasa.

A duk wannan aiki, ki rubuta kowane zagaye a lokacin da kika gama shi, kafin ki shiga na gaba. Ba na sassauci a wannan ƙa'ida, domin mai saƙar da ta ce za ta tuna daga baya takan wayi gari da dabba mai kyau a hannu wadda ba za ta iya maimaitawa ba, kuma ƙirga ƙulli a jikin abin da aka riga aka cusa aka ɗinke aiki ne mai cin rai. Idan kin warware zagaye, kada ki goge abin da kika rubuta, ki ja layi a kai ki rubuta dalili a gefe, misali "ya yi tsini da yawa", domin nan gaba za ki so sanin abin da kika gwada bai yi ba.

Cusa auduga wani ɓangare ne na siffa. Ki riƙa yagar ta ƙanana-ƙanana kina turawa zuwa bango da gindin kwarashi, sannan ki cike tsakiya, saboda dunƙulen da aka tura gaba ɗaya shi ke kawo gudaji. Wuya da ƙafafu su cika tam, musamman mahaɗar wuya da ƙirji, inda za ki ƙara auduga kina cikin ɗinki kafin ki rufe. Idan auduga ta fara leƙowa ta tsakanin ƙulli, to ko kin cika ta da yawa ko kwarashin ya yi girma.

Kada ki ɗinka komai sai kin kafe dukkan gaɓoɓi da fil kin ajiye dabbar a kan tebur. Ki dube ta ta gaba da ta baya da ta sama, ki kuma ɗauki hotonta da waya daga nesa kaɗan, domin hoto yana tona karkatar da ido ya saba da ita. A nan ne raƙumi yakan kifa da ka, saboda nauyin wuya da kai. Ki fara da matsar da ƙafafun gaba zuwa ƙirji da zagaye ɗaya ko biyu, ki ɗan buɗa su. Idan bai tsaya ba, ki rage tsawon wuya ko girman kai, ko ki ƙara faɗin tafi zuwa 24. Idan duk wannan bai yi ba, ki mayar da shi raƙumi gurfanne, ƙafafunsa naɗe a ƙarƙashinsa, wanda a ganina ya ma fi dacewa da hannun ƙaramin yaro. Kada ki sa wayar ƙarfe a wuya ko ƙafa idan yaro ne zai riƙe, domin tana huda saƙa ta fito. Kada kuma ki ɗura shinkafa ko wake don nauyi, domin da zarar an wanke, ko a ɗanshin Jidda kawai, za su lalace a ciki. Idan kin gamsu da wurin kowace gaɓa, ki rubuta shi da lamba: ƙafafun gaba tsakanin zagaye kaza da kaza, da tazarar ƙulli kaza a tsakaninsu.

Idan kin zaɓi yin idanu, ki gwada wurinsu da fil masu baƙin kai tukuna, domin gusar da ido da ƙulli ɗaya yana canza fuska gaba ɗaya. Idanun raƙumi a gefen kai suke, sama kaɗan. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, ki yi su da ɗinkin baƙin zare, ki bar idanun roba da maɓalli da duwatsun ado, domin yaro yana iya ciro su ya haɗiye.

Samfurin farko da wuya ya zama na ƙarshe. Ki ajiye shi kada ki warware, ki rubuta duk abin da bai yi miki ba, sannan ki saƙa na biyu kina bin littafinki kamar wata ce ta rubuta. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne ki canza abu ɗaya a kowace gaɓa a lokaci guda. Idan kika gajarta wuya, kika ƙara masa kauri, kika kuma canza yawan zagayen lanƙwasa duk a tashi ɗaya, ba za ki san wanne ne ya gyara ba kuma wanne ne ya ɓata. Ba dole ba ne ki sake dabbar duka, gaɓar da ke da matsala kawai za ki sake, ki kafe ta da fil a tsohon jiki ki kwatanta.

Idan siffa ta zauna, sai ki tsaftace rubutun. A farko ki bayyana irin zaren da kaurinsa, da girman kwarashi, da awon hannunki, da tsawon dabbar idan ta kammala, da giram nawa na zare da na auduga suka shiga, wanda za ki sani idan kin auna ƙwallon zaren a sikeli kafin aiki da bayansa. Ki fayyace abin da kike nufi da kowane suna, musamman idan za a fassara, domin sunan da 'yan Ingila ke kiran gajeren ƙulli da shi, Amurkawa wani ƙulli mai tsawo suke nufi da shi, kuma wannan ruɗani ya ɓata ayyuka da yawa. Kowane zagaye ya zauna a layinsa, da jimillar ƙulli a ƙarshe. Sannan ki bi layukan da alƙalami ki tabbatar kowanne ya cinye abin da na baya ya bari: idan kin rubuta ƙulli 4 da ƙari sau 6, kin cinye 5 sau 6, wato 30, kin haifar da 6 sau 6, wato 36, don haka dole zagayen baya ya zama 30. Idan kin ɗauki wata dabara ko wata gaɓa daga tsarin wata, ki ambace ta. Canza launin zare ko tsawon kunne ba ya mayar da aikin wata ya zama naki, kuma wannan batu ne na amana.

Daga nan ki miƙa takardar ga mutum biyu aƙalla, ɗaya mai tsauraren hannu ɗaya mai sakin hannu, kuma zai fi kyau ɗayarsu ta zama sabuwar koyo. Kada ki yi musu bayanin baki, kada ki nuna musu samfurinki a hannu, hoto ya isa. Duk inda ɗayarsu ta kira ki tana cewa "Yaya, nan ban gane ba", laifin rubutun ne, sai ki gyara layin maimakon ki amsa mata a waya kawai. Idan sun gama, ki jera nasu da naki. Bambancin girma ba komai ba ne, hannu ne ya kawo shi, amma idan wuyan ɗaya ya kalli gefe ko tozon ɗaya ya koma kwankwaso, akwai lambar da ba ki rubuta ba.

Wadda take son girma dabam, hanya mafi sauƙi ita ce ta canza kaurin zare da kwarashi ta bar lambobin yadda suke. Idan kuma da zare iri ɗaya za a ninka tsawo biyu, sai an sake lissafin daga santimita, kuma a sani cewa zaren da zai shiga zai kai ninki 4, audugar kuma ninki 8, abin da ya kamata mai sayarwa ta sa a kuɗinta kafin ta karɓi aikin Hajiyar da ke neman tsarabar jikoki. A irin wannan babban aiki a sayi zaren duka lokaci guda, a duba lambar rini a takardarsa ta zama ɗaya, domin launi yana ɗan bambanta daga rini zuwa rini.

Gwaji na ƙarshe na ƙarko ne. Ki kama kowace ƙafa da kunne da wutsiya ki ja da ƙarfi yadda yaro zai ja, duk inda ɗinki ya buɗe ki sake shi da zare ninki biyu, ki kuma ƙara wannan umarni a cikin tsarin. Sai ki sa samfurin cikin rigar matashi ki ɗaure, ki wanke da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, domin ranar ƙasar nan tana kashe launi da sauri. Idan ya bushe ki sake auna shi, ki duba ko wuyan ya langaɓe ko wani launi ya zuba a kan wani, ki rubuta yadda za a wanke shi a ƙasan takardar, tare da kwanan wata da lambar gyaran da aka kai.